Kunnen da ya ƙi bushewa: nazarin lamarin wani yaro ɗan shekara 9 daga yankin Kumo

Karo na huɗu ke nan Maman Abba tana shigowa ɗakin duba marasa lafiya da tsumma a hannu, tana share masa kunnen dama. Zuwa ukun farko duk ni na gan shi, a ƙaramin asibitin da nake aikin jinya a wani ƙauye kusa da Kumo, cikin ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe. Kullum labarin ɗaya ne: kunne yana zubar da ruwa mai wari, in tsane shi, in ba da maganin ɗigawa da na sha, in gargaɗi uwar kada ruwa ya shiga wajen wanka. Ya bushe sati biyu ko uku, bayan wata biyu ya dawo. Sau uku na rubuta nauyinsa a kati, tunda da nauyi muke lissafin maganin yara. Tsawonsa kuwa ban auna ba ko sau ɗaya. Sakacin nawa ne, kuma kusan shekara guda ya ci wa yaron.

Ƙaninsa ne ya farkar da ni ran nan. Uwar ta ce, "Sista, ga wannan ma ki duba min shi, tari yake yi." Na dubi yaran biyu tsaye a bakin ƙofa, na tambaye ta wane ne babba. Ta ce, "Abba mana. Shekara uku ya ba shi." Ƙanin, ɗan shekara 6, ya kere wa yayansa da kusan faɗin tafin hannu.

Na jingina Abba da ma'aunin bango: santimita 108, nauyi kilo 19. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin tsawon yaro namiji ɗan shekara 9 ya haura santimita 132, shi kuwa 110 tsawon ɗan shekara 5 ne. Mahaifinsa, da na auna shi daga baya, 172 ne, uwar 160. Ba gidan gajeru ba ne.

(Abba laƙabinsa ne na gida, don sunan kakansa ya ci. Da shi zan riƙa kiransa a nan.)

Abin da uwar ta faɗa, da abin da ido ya gani

A gida aka haife shi, cikinsa ya cika wata tara, amma da ƙafa ya fito, aka sha wuya. Ya yi shawara wadda ta jima ba ta washe ba. Yana jariri, in ya daɗe bai sha nono ba sai jikinsa ya saki ya jiƙe da gumi, sai an ba shi nono ya dawo daidai. Daga wajen shekara biyu sa'o'insa suka fara barinsa a baya. Ciwon kunne ya soma tun yana shekara uku. Minshari kuwa, in ji uwar, "har ɗakin Dada ake jin sa," wato ɗakin kakarsa, bakinsa a buɗe yake kwana, matashinsa ya jiƙe da yawu, wani lokaci numfashin ya ɗauke ɗif na ɗan lokaci sannan ya ja da ƙarfi ya juya.

Da na zauna na ƙare masa kallo, sai na ga abubuwan da suke gabana tun zuwan farko. Goshi ya turo gaba, karan hanci a kwance, haɓa 'yar ƙarama, kumatu cike irin na yaron goye. Cikinsa da ɗan kitse. Hannaye da ƙafafu ƙanana, amma daidai da jikin, babu inda ya fi wani. Na ce ya buɗe baki: yana shekara 9 bai fara famfara ba, haƙoransa na yarinta suna nan cif, a cunkushe. Na tambaye shi ajinsa, sai da na maimaita da ƙarfi ya juyo da kunnen hagu, ya amsa da wata siririyar murya kamar ta yarinya 'yar shekara huɗu. A makarantar allo ya sha bulala a kan wai kunnen ƙashi gare shi, ana kira yana yin biris. Yaron ba ya ji ne da gaske.

Can cikin maƙogwaro kuma babu beli. Yana shekara 6 kakarsa, Dada, ta kai shi wurin wanzami aka cire, don an ce belin ne yake sa shi minshari, shi ne kuma yake hana abinci kama jikinsa. Ya zubar da jini kwana biyu, ya yi zazzaɓi. Minsharin ko gezau.

Dada ba mugunta ta yi ba, neman sauƙi take wa jikanta, kuma ita ce ta fi kowa lura cewa numfashinsa da rashin girmansa suna da alaƙa. A nan ta yi gaskiya. Inda aka kuskure shi ne wurin: abin da ya toshe masa hanya yana can bayan hanci, inda idon wanzami ba ya gani, askarsa ma ba ta kai.

Dalilin da ya sa irin su Abba suke ɓacewa a cikinmu ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Gabas kuwa kusan rabi ne. Inda gajerun yara suka yi yawa haka, ido yakan saba, mu ma ma'aikatan lafiya sai mu ce rashin abinci ne mu wuce. Amma yaron da yunwa ta tsumburar ramamme ne. Abba gajere ne mai kumatu, kuma ƙannensa da suke cin tuwo a kwano ɗaya da shi suna girma lafiya lau. Na rubuta musu takardar zuwa babban asibiti a Gombe, ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, na ƙara layi ɗaya a ƙasa: don Allah likitan yara ma ya duba tsawonsa.

Abin da aka samu a Gombe

Kunnen dama: dodon kunnen ya huje, ta ramin ne ruwan yake fita. Kunnen hagu, wanda kowa yake ɗauka lafiyayye ne: dodon yana nan amma ya dushe, ruwa mai kauri kamar ƙaro ya taru a bayansa. Irin wannan ba ya zafi, ba ya zuba, shi ya sa ba a kula da shi, sai dai ya danne ji. Gwajin ji ya nuna sai sauti ya kai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 35 zuwa 40 yake kama shi, alhali mai lafiyar kunne yana ji tun ƙasa da 20. Kamar mutum ne ya toshe kunnuwansa da yatsu ya zauna a aji. Jijiyar jin kanta lafiya take, matsalar a hanyar da sauti yake bi ne. Hoton wuya ta gefe ya nuna tsokar bayan hanci, wadda likitoci suke kira adinoyid, ta kumbura ta kusa rufe hanyar iska. Tonsil ɗinsa, wato tsokoki biyun nan na gefen maƙogwaro, matsakaita ne.

Likitan ya tambayi uwar duk abin da aka taɓa ɗiga masa. Ta lissafa: man ja, ruwan albasa, turare, da wani maganin ɗigawa na kemis. Da ya duba kwalbar, akwai jentamaisin a ciki. Wannan magani, in dodon kunne a huje yake, yana iya shiga ciki ya lalata jijiyar ji, lalacewar da ba ta gyaruwa. Ya canza masa zuwa siprofloksasin na ɗigawa, ya nuna mata yadda za ta murza takarda mai laushi kamar lagwani ta tsane kunnen sau uku a rana kafin ta ɗiga.

Likitar yara kuma ta bi ta nata ɓangaren. Ta fara da abubuwan da suka fi yawa a wurinmu: sikila, tsutsar ciki, ƙarancin jini, ciwon ƙoda, da ƙarancin sinadarin tayiroyid, wanda wata tsoka a gaban wuya take fitarwa. Duk babu. Hoton ƙashin hannun hagu ya nuna ƙasusuwansa na ɗan shekara biyar da rabi ne. Sinadarin IGF-1, wanda yake sa ƙashi girma, ya yi ƙasa ƙwarai a jininsa.

Me ya haɗa kunne da tsawo

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake, fituwitari, tana zaune cikin wani ɗan gurbin ƙashi daidai bayan hanci. Kusancin ya kai in za a yi mata tiyata ta hanci ake bi. Ita ke fitar da sinadarin girma, shi kuma ya sa hanta ta samar da IGF-1, su biyun su sa ƙashi ya miƙe. Ana ƙiyasta yaro ɗaya cikin 4,000 zuwa 10,000 ne yake da ƙarancinsa. Mu kan ɗauka ƙashin ƙafa da na baya kaɗai abin ya shafa, alhali ƙasan ƙoƙon kai, da tsakiyar fuska, da muƙamuƙi, da akwatin murya, duk da wannan sinadari suke girma.

Tsakanin kunnen tsakiya da bayan hanci akwai wani siririn bututu da yake shigar da iska yana zubar da ruwa. A ƙaramin yaro gajere ne kuma a kwance yake, shi ya sa majina da ƙwayoyin cuta suke saurin hawa kunne. Yayin da kai yake girma bututun yakan ƙara tsawo ya karkata ƙasa, don haka yawancin yara daga wajen shekara bakwai ciwon kunne yake raguwa musu. Abba shekararsa 9, amma ƙashinsa na ɗan biyar da rabi ne, bututun nasa ma bai bar yarinta ba. Bayan hancinsa matsattse ne, ga adinoyid ta zauna a bakin bututun. Muryar ma haka: ƙaramin akwatin murya, gajerun igiyoyi, sai sauti ya fito siriri, yadda ƙaramar kalangu ta fi babbar ganga kaifin amo.

Akwai wani gari a jihar Sergipe ta ƙasar Birazil, Itabaianinha, inda mutane da dama 'yan dangi ɗaya suka gaji ƙarancin wannan sinadari, da yawansu suka girma har suka tsufa ba tare da magani ba. Likitocin da suka shafe shekaru suna nazarinsu sun samu muryoyinsu sirara ne maza da mata, sun fi maƙwabtansu kukan jiri, kuma suna da ɗan raunin jin sautuka masu kaifi, irin raunin da yake daga kunnen ciki. A 1996 ma likitoci a Landan sun ba da rahoton wani yaro da jikinsa ba ya iya yin IGF-1 sam, ga tsananin gajarta ga kurumta. Saboda haka ko bayan ruwan kunne ya bushe, ba a daina gwada jin mai wannan larura.

Sai dai hanyar tana da kai biyu, kuma wannan ne ya fi ɗaukar hankalina a lamarin Abba. Mafi yawan sinadarin girma da dare yake fita, cikin barci mai nauyi, musamman a sa'o'in farko. Yaron da numfashinsa yake ɗaukewa yana farkawa sau da yawa cikin dare ba ya samun wannan barcin, ga kuma ƙarfin da yake ƙonawa wajen kokawar shaƙar iska. Akwai yara da yawa da fituwitarinsu lafiya lau take, toshewar hanci ce kawai ta tsayar da su, da an cire adinoyid da tonsil sai su zabura. To wanne ne ya haifi wanne a jikin Abba? Ranar farko babu mai iya rantsuwa.

Likitocin biyu suka yanke shawarar a fara da buɗe hanyar iska. Aka kankare adinoyid, aka tsaga dodon kunnen hagu aka zuƙe ruwan, aka dasa ɗan ƙaramin bututun roba da zai riƙa shigar da iska har ya faɗo da kansa. Sannan a jira wata shida a gani. Mahaifin ya so a wuce kai tsaye ga gwajin sinadarin, yana ganin ɓata lokaci ne. Ni ma a raina na so hakan. Yanzu ina ganin likitocin sun fi mu gaskiya. Gwajin yana da tsada, maganin ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa iyali allurar shekaru alhali wataƙila barci ne kawai yaron ya rasa. Ban da haka, sinadarin girma yana iya ƙara wa tonsil da adinoyid girma. A farkon shekarun 2000 an samu rahoton mutuwar fuju'a a wasu yara masu larurar Prader-Willi (wata larura ce da ake haihuwar yaro da ita) da aka fara wa allurar sinadarin, yawancinsu masu tsananin ƙiba ko masu toshewar numfashi. Tun daga nan likitoci suke so su tabbatar hanyar iska a buɗe take kafin allurar farko.

Daren da suka dawo gida uwar ba ta runtsa ba. Ta ce min, "Sista, shirun ne ya ba ni tsoro. Sau biyar ina tashi ina kara hannu a hancinsa." Bayan sati biyu Abba ya tambayi babansa ƙarar mece ce yake ji a bayan ɗaki. Kukan gyare ne.

Ni nake auna shi duk wata, da safe, babu takalmi, a ma'auni ɗaya. Wata shida ya cika, ya ƙaru da santimita ɗaya da rabi kacal. Yaro a shekarunsa ya kamata ya yi biyar zuwa shida a shekara. Barci ya gyaru, ci ya buɗe, tsawo ya ƙi.

Gwaji, sannan allurar dare

Ba a gane ƙarancin sinadarin girma da ɗiban jini sau ɗaya, domin a tsittsinke yake fita, da rana ko a jinin lafiyayyen yaro da ƙyar ake samunsa. Sai an kwantar da yaro da safe bai ci komai ba, a ba shi maganin da zai tsokano fituwitari, irin su kulonidin ko gulukagon, a riƙa ɗiban jini duk rabin awa. An yi wa Abba sau biyu, aka aika jinin ɗakin gwaji a Abuja. Mafi girman abin da ya kai bai wuce nanogiram 3 a mililita ba. Yawancin likitoci suna ɗaukar ƙasa da 10 a matsayin ƙaranci, wasu ƙasa da 7. Hoton cikin kai na na'urar MRI ya nuna fituwitarin ƙarama ce, igiyar da ta haɗa ta da ƙwaƙwalwa ta sirance, amma babu ƙari. An daɗe da lura cewa irin wannan siffar ta fi yawa a yaran da suka fito da ƙafa, kuma doguwar shawara da sakin jikin da ya riƙa yi yana jariri, wanda alama ce ta faɗuwar sukari, duk sun shiga layi ɗaya.

Ranar da aka zo da maganin Dada ta tare ni a zaure. Ta ce, "'Yar nan, gaya min gaskiya, daga jikin me aka yi shi? Na ji an ce daga gawa ake cirowa." Na ce, "Dada, da can haka ne." Kafin 1985 daga fituwitarin mamata ake tace shi, aka daina a shekarar bayan an gano wasu da aka yi wa sun kamu da wata mummunar cutar ƙwaƙwalwa. A shekarar ne kuma Amurka ta amince da wanda ake haɗawa a masana'anta, kuma irinsa ake amfani da shi a ko'ina yau. Ta yi shiru, sannan ta ce a yi bismillah.

Allura ce ta ƙarƙashin fata, kullum da dare kafin barci, don a kwaikwayi lokacin da jiki yake fitar da nasa. An fara masa da wajen miligiram 0.6. Uwar ta koya cikin kwana uku, yau cinya, gobe ciki, jibi ɗaya cinyar. Wahalar tana wurin kuɗi da wurin ajiya. Kuɗin wata guda ya fi abin da mahaifin yake samu a wata, sai da Baffansa da ke kasuwanci a Gombe da wasu dangi suka haɗa hannu. Maganin kuma yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba ya son zafi, ba ya son ƙanƙara. Dada ta ba da shawarar gindin randa, amma a zafin Maris da Afrilu na Gombe randa ba ta isa ba. Aka kai ajiya wurin wani mai shago da yake da firij na sola. Wata rana yaron shagon ya tura shi cikin firiza tare da ruwan leda, ya daskare, alƙalamin allura guda ya tashi a banza. Uwar ta yi kuka a gabana ranar. Yanzu a cikin wani ɗan gwangwani mai murfi yake, an rubuta a jiki da Hausa da ajami kada a sa a ƙanƙara.

An ba ni jerin abubuwan da zan riƙa tambaya duk zuwa: ciwon kai mai tsanani da amai, ɗingishi ko ciwon ƙugu, dawowar minshari, ciwon kunne. A wata na biyar minsharin ya ɗan dawo, na leƙa na ga tonsil sun ƙaru. Na mai da su Gombe. Likitan ya ce ba su kai a cire ba, a sa ido, bayan wata biyu kuwa abin ya lafa.

Wani abu da likitar yaran ta ja hankalina a kai, na kuma riƙe: in yarinya ce gajera mai yawan ciwon kunne, a tuna da larurar Turner, wadda mata kaɗai take samu, kuma ciwon kunne da raunin ji suna cikin manyan alamominta. Tun daga lokacin na tura yara mata biyu.

Inda ake yanzu

A shekarar farko ta allura Abba ya ƙaru da santimita 9. Ya yi famfara huɗu. Bututun kunnen hagu ya faɗo da kansa a wata na goma, dodon ya haɗe, jinsa a wannan kunnen ya dawo desibel 15. Na dama ya bushe tun wata takwas, amma ramin yana nan, jinsa yana wajen 30. Likitan ya ce za a yi masa faci in ya ƙara girma kuma kunnen ya ci gaba da zama a bushe, ko a Gombe ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kafin nan, wajen wanka auduga ce da man basilin a kunnen, kuma babu iyo a rafi da damina, abin da ya fi komai ɓata masa rai. Malaminsu na boko ya dawo da shi bencin gaba. Muryar ta ɗan yi kauri kaɗan, sauran sai lokacin balaga, kuma za a ci gaba da gwada tayiroyid da sauran sinadaran fituwitari, domin a irin siffar tasa wani yana iya gazawa daga baya.

Bayan girbin bana maganin ya yanke wata biyu, kuɗi bai haɗu ba. A watannin nan biyu ma'aunin bai motsa ba. An dawo da allurar makon jiya, da kuɗin buhunan wake uku da mahaifin ya sayar. Ƙaninsa har yanzu ya fi shi da santimita huɗu. Ranar Litinin ta farkon wata mai zuwa zai zo in auna shi, kuma uwar ta ce za ta taho da 'yar maƙwabciyarta, wadda ita ma kunnenta yake ruwa.